Waken da Yaya Arzika Ya Aiko wa Inna

Duk shekara in azumi ya kama ina kafa kasko a zaurena da ke Birnin Kebbi, in yi suya da hannuna. Kuma duk shekara sai an sami mai tsayawa ya tambaye ni inda na koyo wannan ƙosan da ba ƙosai ba. Abokan hirata na gindin dalbejiya sun fi kowa naci. Su ci, su lashe yatsu, su ce gishiri ya yi yawa, sannan su ce in ba su labarin Sudan. In na fara kuma su katse ni da dariya tun ban kai Kano ba. Na gaji. Jikata ta ce yanzu falafel ake kiran abin, wai a waya ta gani. Inda na tarar da shi ɗa'amiyya suke cewa. Zan rubuta labarin sau ɗaya, wanda ya sake tambayata in miƙa masa takarda ya je can nesa da ni ya yi dariyarsa.

Mu biyu ne muka rayu cikin 'ya'yan Inna, Yaya Arzika da ni. Gidanmu a Argungu gidan masunta ne, amma mahaifinmu ya rasu ina goye, don haka da kaskon ƙosai Inna ta raine mu. Yaya ne ke taya ta niƙa da haɗa ƙullu a ɗaka, inda ba mai gani, domin a garinmu namiji ba ya taɓa kaskon suya. Ina elamantare ya ɗaura niyyar hajji a ƙafa, ya tafi. Shiru. Shekara goma da wani abu ko labarin gawarsa ba mu ji ba. Ni kuwa na girma, na kama aiki a shagon yadi na Baba Lasisi, wani Bayarabe a Birnin Kebbi, har na auri Ige.

A shekarar da aka sami 'yancin kai, damina na ɗaukewa, sai ga Alhaji Tunau mutumin Ambursa, wanda ke jan ayarin maniyyata ta hanyar ƙasa. Ya zo har Argungu ya durƙusa gaban Inna ya ce ya ga Arzika da idonsa a Madani, cikin ƙasar Sudan, da mata da 'ya'ya. Na tambaye shi sana'ar da yake yi. Ya sosa gemu ya ce, "Sana'a tai ta kusa da wuta ta." Na ɗauka ƙira yake nufi.

Inna a lokacin idonta ya fara dushewa. Ba ta taɓa kiran sunan Yaya ba, saboda ɗan fari ne, sai dai ta ce "wancan". Ta bari Alhaji Tunau ya fita, sannan ta juyo inda take jin numfashina.

"Nomau, tashi ka tai ka ɗauko min wancan. Ka ce mai in bai taho nig gane shi ba kahin in mutu, ban yahe mai nonon da yas sha ba."

Duk wanda uwa ta haifa ya san nauyin wannan magana. Ban yi barcin kirki ba har na tashi. Baba Lasisi ya ara mini akwatin ƙarfe, ya ce in na dawo aikina na nan, ya ƙara da cewa, "Kai dai rage fushi, Nomau, hanya ba ta son mai zafin kai." Ban ji ba.

Fushin tun daga Kano ya fara. A wani ofishi da ake ba da takardun tafiya, na wuni a layi, da na isa gaban akawu ya ce, "Hajji za ka?" Na ce a'a, mutum zan ɗauko. Ya ce ba su da takardar ɗauko mutum, in koma baya in yi tunani. Na sake wani wunin a layi don kawai in zo in ce masa hajji zan je. Aka yi mini lamba a dantse, hannu ya kumbura kamar gwanda. Na ce a raina, ashe 'yancin da muka yi ta kiɗa a kansa bai rage tsawon layi ba.

Daga Kano zuwa Yerwa a saman buhunan barkono muka zauna cikin babbar mota. Atishawa har hawaye. Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar Zazzau, muna kiranta Iya, za ta Makka da turminta da taɓaryarta. Duk ramin da mota ta faɗa, turmin nan a kan ƙafata yake sauka.

Na ce, "Iya, don Allah, Makka ba turmi ne?"

Ta ce, "Ka taɓa zuwa?"

Na ce a'a.

Ta ce, "To rufe mini baki, ɗan nan."

Haka na yi ta fama da turmin nan har Sudan.

Muka ƙetare kogi a kan jirgin fito muka shiga Fallomi, wadda yanzu ake kira Injamena. Su ma ba su daɗe da samun nasu 'yancin ba, amma 'yan sandansu Faransanci suke yi mana, mu yi musu Hausa, kowa na ɗaga murya kamar ƙarar ce za ta fassara. Mai masaukinmu wani Bakatsine ne da ya fito hajji tun yana saurayi ya maƙale a nan. Ya zuba mu a ɗaki ɗaya kamar kifi a kwando, ya kawo mana wani burodi dogo mai tauri da za a iya korar akuya da shi. Da na ce masa yayana zan ɗauko, sai ya yi wata dariya da ba ta yi mini daɗi ba, ya ce shi ma ƙanensa ya taɓa zuwa ɗaukarsa.

Daga nan hanya ta zama rairayi. Direbanmu Balarabe ne, ba ya wuce inuwa bai tsaya ya dafa shayi ba, ko da mata na kuka yara na amai. In mota ta kafe mu sauka mu shimfiɗa mata faifan ƙarfe mu tura, shi yana zaune a ciki yana ba da umarni. Kafin Abeshe na kusa kai masa duka, Iya ce ta tare ni da taɓarya.

Amma abin da ya fi ƙona mini rai a iyakar Sudan ya faru, a Jinena. Aka tsare mu a wani fili ana duba lamba. Ma'aikacin ya dube ni ya ce, "Fallata?" Wani da ke jin Larabci ya ce mini haka suke kiran duk wanda ya fito daga yamma, wato Fulani. Ni! Ga tsagen Kabawa a fuskata ɓaro-ɓaro, jikan mutanen da suka yi shekara da shekaru suna gwabzawa da Fulani ba su sunkuya ba. Na buga ƙirji na ce, "Bakabe!" Ya gyaɗa kai, ya yi murmushi, ya rubuta Fallata. Har yau in na tuna sai na ji wuyana ya yi zafi.

Ba zan ci haƙƙin mutanen Sudan ba. In suna cin abinci a bakin hanya ka zo wucewa, sai sun kamo hannunka ka zauna, in ka ƙi su yi fushi. Sai dai abincin ne. Akwai kisra, wata waina mai tsami, siririya kamar takarda, ka ci goma ka tashi kamar ba ka ci ba. Akwai wani dafaffen wake da suke dagargazawa su malala masa mai, shi ne karin kumallonsu, kuma sai hantsi ya dubi ludayi ake ci. Tuwonsu kaɗai na gane, shi ma miyar ba daddawa.

A tashar jirgin ƙasa ta Nyala na fara ganin abin. Wani ƙato mai gashin baki, da rawaninsa, zaune gaban kasko yana suya, maza sun yi layi. Na taɓa Iya na ce, "Dubi ƙato yana aikin mata, ko kunya." Muka yi ta dariya. Na ce da a Argungu ne yara sun bi shi da waƙa. Ban san kaina nake yi wa dariya ba.

A Madani na rabu da Iya da turminta. Na nemi unguwar Hausawa na tambayi Arzika maƙeri, mutumin Argungu. Ba wanda ya san shi. Sai wani tela ya ce, "Ko dai Arzika mai ɗa'amiyya? Je ka bakin tasha da safe, inda ka ga layi ya fi tsawo."

Na je. Na ga layi. Na ga mutum cikin farar jallabiya ya ba ni baya, yana ɗibar wani koren ƙullu da hannu yana mulmulawa yana sakawa cikin mai. Itace ya yi masa hayaƙi, sai na ji ya tsine wa itacen da bakin mutanen Kabi. Ya juyo. Tsagen gidanmu ne. Ya daɗe yana kallona, matsami a hannunsa yana ɗigar mai.

"Nomau? Kai na? Kai na kag girma haka?"

Ya rungume ni, yana ƙamshin tafarnuwa. Ya koma da sauri ya tsamo guda ɗaya mai zafi, ya hura mata iska kamar yadda yake yi mini ina yaro, ya miƙo. "Ci, ƙanena, ka sha hanya."

Na doke hannunsa. Ta faɗi ƙasa ta mirgina ƙarƙashin benci.

Na ce, "Ba ni cin suyar namiji. Wagga ita ta Makkar da kat taho? Inna na can idonta na mutuwa, kai kana nan ka zama mai ƙosai? Ɗan masunta?"

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Nan maza ka suya, Nomau. Bari in sallami mutane mu tai gida."

A gidan na ga matarsa Batulu, wadda a can aka haife ta, da yara da ba sa jin Hausa sosai, da surukinsa, tsoho shanyayye a kan gado. Yaya ya ba ni labari. Ya kai har bakin teku aka maido shi don ba takarda. Ya shiga gonakin auduga, ciwo ya kama shi, wannan tsohon ne ya ɗauke shi ya yi jinyarsa, ya ba shi 'ya, ya koya masa kasko. Yanzu tsohon ba ya iya juyawa sai an juya shi, kuma Yaya ne kaɗai namiji a gidan. Yaran ba ɗayansu da ke cikin wata takarda, ba iyakar da za ta bar su su wuce.

Ya ce, "In tahi in bar shi ga wa? Kuma in koma Argungu in ce mi? Na tai Makka na tsaya bakin kasko?"

Ban faɗa masa saƙon Inna a ranar ba. Na ajiye shi kamar wuƙa. Da safe yana tsakiyar suya na matsa kusa na faɗa masa, kalma bayan kalma, yadda ta faɗa. Ya tsaya yana kallon mai har abin da ke ciki ya yi baƙi ƙirin, hayaƙi ya tashi. Wani da ke cikin layi ya ce shekara da shekaru yana saye a nan bai taɓa ganin Arzika ya ƙona suya ba.

Na yi kwanaki ina matsa masa. Na yi zagi, na yi barazana, har kuka na yi don haushi. Kullum da safe ina zuwa in tsaya gefen rumfarsa na harɗe hannu, ina hararar masu saye. Abincin Batulu nake ci, nasa ko taɓawa.

Da ya tabbata zan koma ni kaɗai, ya kawo wani ƙaramin buhu cike da irin waken da yake amfani da shi. Kabkabe suke ce masa, ƙwayarsa kamar gurjiya amma da ɗan tsini. Ya kawo kuma wani ƙullin tsumma da ya haɗa kayan ƙamshi da gishiri a ciki da hannunsa.

Ya ce, "Ka san Inna. In ta yi hushi ba ta jin magana. Amma in ta ci abu ta san wanda yay yi shi. A yi mata wanga ta ci. Shi na bakina. Zamna in gwada maka yadda aka yi, don ba awa ƙosai na ba."

Na ce, "Ni ka koya ma suya? Akwai mata gida."

Yana bayani na juya masa ƙeya. Na jefa buhun a akwati, ƙullin tsumman na cusa cikin aljihun wata tsohuwar riga, na manta da shi. A tasha ya riƙe tagar jirgi yana tafiya tare da shi yana cewa, "Kar a dahwa shi! Kar a sa ruwa!" Na yi kamar ban ji ba.

Dawowa ta fi tafiya ciwo, don kowace iyaka sai ta ci rabonta a buhun nan. A Jinena aka zura hannu aka ɗiba, wai ana duba ƙwari. A wajen Abeshe wani ɗan sanda ya cika hularsa. A Fallomi ɓeran Bakatsine ya huda gindin buhun. Bakatsinen ya dube ni ni kaɗai ba yaya, ya ce, "Ban faɗa maka ba?" Da ba a gidansa nake ba da na mare shi. Kafin in iso Argungu abin da ya rage bai fi mudu biyu ba.

Inna na zaune bakin ƙofar ɗakinta. Ta saurari takun ƙafa, ta ji na mutum ɗaya ne. Ban ko gama gaisuwa ba na zazzage mata komai da zafinsa, har da cewa ɗanta suya yake yi a bakin titi kamar mace. Na aza buhun gabanta. Ta shafa shi da tafin ƙafa.

"Na aike ka ɗauko mutum, ka ɗauko min wake."

Ta tashi ta shige ɗaki ta saki asabari. Magana ta tsaya inda ta tsaya.

A nan ne hankalina ya fara tashi. Ina jin haushin Yaya, amma ban so ya mutu da bakin uwa a kansa ba, kuma Inna kullum ƙara ramewa take yi. Na kira Gwaggo Kulu, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta gaji wurin suyar Inna a kasuwa. Na ce ga wake, a yi wa Inna irin ƙosan Sudan. Ta ce yaya ake yi? Na ce ina ruwana, ƙosai dai ai ƙosai ne.

Ta yi masa yadda kowace mace a ƙasar Hausa za ta yi. Ta jiƙa, ta surfa, ta wanke dusar, ta niƙa a dutse da ruwa har ya yi laushi, ta buga shi da ludayi tana jiran ya tashi. Bai tashi ba. Ta zuba a mai, ya baje ya sha mai ya kwanta kamar tsumma. Ta ce waken arna ne, kada a sake kiranta. Kashi ɗaya ya tafi.

Sai matata Ige ta ce ita ta gane, ai ɗan'uwan gurjiya ne, taurinsa ne ya hana, sai an dafa. Wani abu ya motsa a kunnena, kamar na taɓa jin ana kiran kada a yi haka, amma girman kai ya hana ni tsayawa in tuna. Ta dafa, ta daka, ta mulmula gwanin kyau. Tana sakawa a mai ya narke ya watse, kasko ya koma kunu. Na yi ta faɗa har maƙwabta suka leƙo. Ige ta ajiye matsami ta ce, "Kai da kat tai har can kag gani da idonka, mi ya hana ka koyo? Mu duba muka yi?" Ta shige ɗaki.

Abin da ya rage bai cika ƙwarya ƙarama ba. In wannan ya lalace, bakin Yaya ya rufe ke nan. Ba inda za a samo kabkabe daga nan har Sakkwato.

Na zauna na tasa ƙwaryar gaba. Sai na ga ashe duk safiyar da na tsaya gefen rumfarsa ina hararar mutane, idona yana ɗaukar abin da zuciyata ta ƙi. Na ga waken cikin ruwa tun jiya, ɗanye, da ɓawonsa. Na ga yana tsane shi a kwando har ya daina ɗiga. Na ga injin niƙansa na hannu yana fitar da shi da tsaki-tsaki, ba laushi ba. Na ga ganye da albasa da tafarnuwa suna shiga tare. Na ji muryarsa a tagar jirgi. Kuma na san ba macen da zan yi wa wannan bayani hannunta bai koma ga ƙosai ba, don hannun ya riga ya saba. Ina lalube cikin akwati kuma na ci karo da ƙullin tsumman a aljihun riga. Fushina ne ya ɓoye shi, shi ya sa bai salwanta tare da na farko ba.

Na jiƙa waken da kaina. Washegari da hantsi na tsane shi, na jawo turmin Ige tsakar gida, na zuba da lawashi da albasa da tafarnuwa, na kama taɓarya. Na tuna Iya 'yar Zazzau na ce ashe alhakin turminta ne ya biyo ni.

Sautin dakan namiji daban yake. Kafin in yi nisa kawuna sun jeru bisa danga. Wani ya ce, "Nomau, abin da anka koyo Sudan ke nan?" Wani ya ce a kawo mini zane da ɗankwali. Mata na guɗa. Sai ga Baffa, wan mahaifinmu, ya shigo da sandarsa.

"Aje taɓaryar nan! Gidanga gidan homar kamun kihi na da kwalekwale. Ɗaya ya lalace gabas, kai ko za ka lalace gaban idona?"

Ni da na yi wata da watanni ina faɗin wannan magana da bakina, da na ji ta a bakin wani sai jinina ya tafasa. Na ce, "Baffa, ran da babanmu yam mutu, homa ta ciyar da mu ko kasko? Wa yak kawo muna ko kan kihi cikinku?" Ban taɓa mayar masa da magana ba sai ranar. Ya juya ya fita. Kawunan bisa danga suka ragu, amma ba su ƙare ba.

Na kwance ƙullin na juye duka, na sa ɗan ruwan kanwa kaɗan a yatsa, na cuɗa, na rufe na bar shi ya huta kamar yadda na ga yana yi. Na hura wuta na aza man gyaɗa. Na mulmula ta farko, na ɗan danne ta, na kai bakin kasko zan saka.

Daga bayan asabari murya ta fito. "Man bai yi ba. Jira."

Inna ce. Ba ta gani, amma shekara talatin tana sauraren mai. Na jira. Can ta ce, "Yanzu." Na saka. Ta nutse, ta yi kumfa. Sai ta taso, dunƙulalliya, ba ta watse ba. Ƙamshin rumfar Yaya ya cika gidanmu na Argungu.

"Rage itace guda, za ka ƙona bayanta cikinta bai nuna ba," in ji Inna. Yanzu ta ɗaga asabari, tana zaune a bakin ƙofa.

Na tsame su a faifai na kai gabanta na durƙusa. Ta daɗe ba ta taɓa ba. Sannan ta lalubo ɗaya, ta ɓara, ta shinshina, ta kai baki. Tana taunawa a hankali da 'yan haƙoran da suka rage mata. Ta tsaya.

"Wa yas sa gishirin ga?"

Na ce shi ya haɗo shi tun daga can, ni juyewa kawai na yi.

Ta ce, "Na sani. Tun yana yaro hannunai nauyi garai wurin gishiri. Na buge hannun nan ya fi a ƙirga, bai bari ba." Ta ɗauki ta biyu. Hawaye na bin tsagen fuskarta tana ci. "Kac ce mutane na yi mai layi?"

Na ce layinsa ya fi na kowa tsawo a tashar.

"To kai da ba ka gaji komi ba sai hushi, mi kaka gani na raini? Da kasko nir raine ka." Ta goge baki da gefen zane. "In Tunau za shi gabas, a ce ma Arzika na yahe mai. Duniya da lahira. Ya riƙe tsohon nan da kyau."

Ige da ke tsaye bayana ta dafe ƙirji. Tun da aka haife ni ban taɓa jin sunan nan a bakin Inna ba sai ranar.

Alhaji Tunau ya kai saƙon da rani na gaba. Inna ba ta ga dawowarsa ba. Ya ce da ya faɗa wa Yaya, har da cewa ta kira sunansa, sai ya zauna a ƙasa cikin toka da farar jallabiyarsa, kuma duk wanda ya zo layi a ranar kyauta ya ci. A Madani Yaya ya rasu, bai ga Makka ba, bai sake ganin Argungu ba.

Har yau ina jin haushin akawun Kano, da direban shayi, da wanda ya rubuta ni Fallata, da masu leƙe bisa danga, waɗanda daga baya su ne suka fara miƙo hannu. Amma in na saka ta farko a mai, ba su nake gani ba. Waccan nake gani, wadda ya hura wa iska ya miƙo mini, tana mirginawa ƙarƙashin benci. Ita kaɗai ce ya taɓa soya mini.

Kabkabe yanzu ana samunsa a kanti. Gishiri kuwa na ɗanɗana na ƙullin tsumman nan a ranar, daga abin da Inna ta rage, kuma daidai shi nake sakawa. Wanda ya ga ya yi masa yawa, ga masu ƙosai can bakin titi.